Kabarin Mai Tumbi: a bar shi, amma a rubuta gaskiya a gefensa

Shekaranjiya da daddare a teburin mai shayin bakin tashar garinmu, wani ƙanenmu da ya dawo hutu daga makaranta yake nuna mana wani bidiyo a waya, wai a Amurka ne, an ɗaure wani ƙaton mutum-mutumin soja a kan doki, inji ya ɗaga shi sama ya sauke ƙasa, mutane sai ihu suke suna tafi. Yana gama nunawa sai ya ce shi fa da za a bi ta tasa, gobe-goben nan a kai katafila Haɗeja a baje kabarin Baturen nan Mai Tumbi, tunda ai shi ma jirgi ɗaya ne ya kwaso su. Wani dattijo da ke gefe ya ajiye kofinsa ya ce, "Kai yaro ku bar tone-tone, su ma Amurkawan rashin aikin yi ne ya dame su, tarihi ba a taɓa shi."

Wallahi duka maganganun biyu ba su kwanta min ba, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Ga inda na tsaya tun da wuri don kada a ce ina kewaye-kewaye. Kabari da jerin sunayen waɗanda suka mutu a yaƙi a bar su, ko na wane ɓangare ne, ko da kuwa manufar da suka yi wa yaƙi ba ta da kyau. Amma abin da aka gina a tsakiyar gari don ɗaukaka ita kanta manufar zaluncin ko jagoranta, wannan a sauke shi a kai gidan tarihi. Wanda kuma aka bari, a rubuta ainihin abin da ya faru a kusa da shi yadda ɗan firamare zai karanta ya gane.

Ga wanda ba ɗan yankin nan ba: a watan Afrilun 1906 sojojin Ingila suka afka wa Haɗeja, shekara uku bayan sun ci Kano da Sakkwato. Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya, aka gwabza har cikin gari, aka kashe shi da wasu daga cikin 'ya'yansa da manyan fadawansa da jama'a masu yawa, shi ya sa har yau ake ce masa Mai Shahada. Kyaftin Phillips, wanda mutane suka laƙaba wa suna Mai Tumbi, yana cikin Turawan wancan lokaci, kuma kabarinsa yana nan a Haɗeja.

"Tarihi ba a taɓa shi"

Bari in fara da maganar Baba, da yake ita ce ta fi kama da hankali a kunne.

Mutum-mutumin da ke cikin bidiyon nan na Janar Robert Lee ne, babban kwamandan sojojin jihohin kudancin Amurka da suka ɓalle a yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865, kuma babban dalilin ɓallewar shi ne su ci gaba da riƙe baƙaƙen fata a matsayin bayi. Yaƙi ya ƙare 1865 an ci su. To yaushe aka kafa gunkin? Na birnin Richmond sai 1890, na Charlottesville kuwa sai 1924, wato kusan shekara 60 bayan yaƙin, a daidai lokacin da ake hana baƙar fata jefa ƙuri'a, ake ware masa makaranta da kujerar mota da wurin shan ruwa. Wannan ba don a tuna da yaran talakawa da suka mutu a fagen daga aka yi shi ba, ai su suna can a maƙabartu ba wanda ya taɓa su. An yi shi ne don jikan bawa in ya zo wucewa ya ɗaga kai ya ga wanda ya yi yaƙi don kakansa ya dawwama a bauta yana zaune a kan doki a samansa.

Kuma abin da ya faru a 2017 ya isa shaida. Da hukumar garin Charlottesville ta ce za ta cire nata, su wa suka taru don kare shi? Masu aƙidar fifita farar fata ne suka yi dandazo da tutocinsu, har ɗaya daga cikinsu ya bi ta kan masu adawa da su da mota ya kashe wata mata. In da gaske dutse ne kawai na tarihi me ya kawo waɗannan mutane wurin? A 2021 aka sauke duka biyun, kuma ba wanda ya manta an yi yaƙin basasa a Amurka saboda haka.

Ku ɗauka wani ne ya kore shanun kakanka ya kashe masu kiwon, sai jikokinsa suka buga ƙaton hotonsa suka kafa a bakin rijiyar da iyalinka ke ɗiban ruwa kullum, in ka yi magana a ce maka tarihi ne. Ba za ka yarda ba, ni ma ba zan yarda ba.

Mu Musulmi ma bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Masallaci guda aka rushe a Madina, masallacin Dirar da Suratut Tauba ta yi maganarsa, saboda an gina shi don cutarwa da raba kan jama'a. Kenan gini ana duba dalilin da ya sa aka yi shi.

"Azzalumi ne, a baje har kabarin"

Yanzu kuma ƙanenmu. Na fahimci zafin da ke ransa, duk wanda ya ji labarin ranar da aka shiga Haɗeja daga bakin tsofaffi sai jikinsa ya yi sanyi. Amma kabari ba gunki ba ne. Kabari ba ya cewa wannan mutumin yana kan gaskiya, cewa kawai yake wane ya mutu, ga inda aka sa shi.

A ƙasar Faransa akwai maƙabartar La Cambe, sojojin Jamus sama da 21,000 ne kwance a cikinta, sojojin Hitila fa, a kan ƙasar da suka mamaye suka gallaza wa mutanenta, kuma Faransawa ba su kai katafila ba. A can Jamus ɗin kuwa ba za ka ga gunkin Hitila ko ɗaya a titi ba. Mutanen da suka sha wuyar yaƙin da kansu sun iya raba tsakanin abubuwan nan biyu, mu me zai hana mu?

A addininmu kuma, ranar Badar gawarwakin manyan Ƙuraishawa da suka zo kashe Musulmi ba a bar su a fili ba, an zuba su a rijiya an rufe. An taɓa wucewa da gawar Bayahude Manzon Allah (SAW) ya miƙe tsaye, aka ce masa ai Bayahude ne, ya ce shin ba rai ba ne? Fir'auna da kansa Allah ya ce zai tsirar da jikinsa don ya zama aya ga na baya. To in ka baje kabarin Mai Tumbi me ka samu? Shaida ka goge. Nan da shekara 50 yaro zai ce wai da gaske Turawa sun zo nan sun yi yaƙi, ba abin da za ka kama hannunsa ka kai shi ka nuna masa.

Sannan akwai wani abu da ba mu son faɗa. Su wa suka riƙe bindigogin da aka harbi mutanen Haɗeja da na Kano da na Burmi da su? Turawan 'yan kaɗan ne, hafsoshi. Sauran ɗaruruwan baƙaƙe ne irinmu, da yawansu Hausa suke ji. Tun 1863 wani hafsan Ingila mai suna Glover ya fara tara rundunar Hausawa a Legas, cikinsu har da bayin da suka gudo daga iyayen gidansu, daga nan abin ya girma ya zama rundunar da Gwamna Lugga ya ci Arewa da ita. In za mu bi gida-gida muna neman jikokin waɗanda suka yi wa Bature soja, wallahi sai mun taɓa gidajen da ba mu zata ba.

Ku dubi Chari Maigumeri, mutumin Barno. Ya fara soja a wajen Jamusawa a Kamaru, Ingila ta kama shi a yaƙin duniya na farko, daga baya ya shiga rundunarta, ya yi mata yaƙi har Burma, yau ga barikin soja da sunansa a Lakwaja. Wace manufa za ka ce ita ce tasa, ta Jamus ko ta Ingila? Talaka ne da ya iya aikin soja, wanda ya riƙe shi shi yake wa aiki.

A ƙauyenmu muna yara akwai wani tsoho, Allah ya jiƙansa, ɗan mazan jiya ne na Burma. Lambobinsa a cikin wani tsohon gwangwanin alawa yake ajiye su, an naɗe da tsumma, ƙyallen jikin lambar duk ya koɗe ba ka gane ja daga kore. In ya so hira sai ya fito da su ya jera a kan tabarma, ya ɗauki ɗaya ya goge da bakin rigarsa, amma ba labarin lambar yake ba mu ba, sunaye yake kira. Wane mutumin gabas da mu zazzaɓi ya kashe shi a daji, wane ruwa ya tafi da shi wajen ƙetare kogi da kaya a kansa. Ya ce shi bai san wata Japan ba sai da ya gan su, dagaci ne aka ce ya kawo samari, shi kuma babansa ba shi da bakin magana. Yaƙin ba nasa ba ne, na daular da ta ci ƙasarsa da yaƙi ne. To don haka sai a kankare sunayen abokansa daga jikin dutse? Haba.

Namu na cikin gida ya fi wuya

Maganar Bature mai sauƙi ce tunda kusan dukkanmu ɓangare ɗaya muke. Inda gizo ke saƙar shi ne wanda wani zai ce, to wa zai yanke hukuncin wane ne azzalumi? Wannan tambaya ce ta gaske ba zan raina ta ba.

Ɗauki Sarkin Haɗeja Buhari. A nan wajenmu jarumi ne, ya bijire wa Sakkwato, aka turo masa runduna ya fatattake ta, ya rasu a 1863 a yaƙin da ya kai ƙasar Bade. Amma je ka tambayi tsofaffin wasu garuruwan gabashin Kano ko na Katagum abin da suka ji daga kakanninsu, labarin ƙone gari da kamun bayi za ka ji. Ko basasar Kano da ta fara 1893, da Sakkwato ta naɗa Tukur, Yusufawa suka fice zuwa Takai, Yusufu ya rasu a Garko, Alu ya karɓi ragama ya ci Kano, aka kashe Tukur a 1895. Duka ɓangarorin Musulmi ne, gida ɗaya ma suke, kuma manoman karkara ne suka fi kowa shan wuya. Jikokinsu yanzu suna auratayya suna sallah a sahu ɗaya, kuma ina ganin wani ɓangare na dalilin shi ne ba wanda ya je ya kafa abin tunƙaho a ƙofar gidan ɗan uwansa.

Ma'aunina dai guda ne, ba sai mun jira an gama yarda a kan wane ne mai gaskiya ba. A tambaya: abin nan da za a kafa ko aka kafa, kuka yake yi wa wanda ya mutu, ko kirari yake yi wa abin da aka yi? Kuma su wa za su riƙa wucewa ta gabansa dole, kuɗin harajin wa za a gyara shi da shi?

Ga Biyafara. Daga Yulin 1967 zuwa 15 ga Janairun 1970. Ni ɗan Arewa ne, ban yarda da ɓallewar ba, kuma akwai gidaje a ƙaramar hukumarmu da suka ba da 'ya'yansu ba su dawo ba. Amma tsohuwar da ɗanta ya mutu a sojan Biyafara yana ɗan shekara goma sha wani abu, ko jaririnta yunwa ta kashe shi, tana da haƙƙin a rubuta sunansa a wani wuri ta je ta tsaya ta yi kuka, ba wanda ya isa ya hana ta. Gidan tarihin yaƙi da ke Umuahia da ramin ɓuyan Ojukwu suna nan ana zuwa kallo, kuma daidai ne a bar su. Mutanen Asaba da aka kashe musu maza a watan Oktoban 1967 su ma suna da haƙƙin jera sunayensu, haka Inyamuran da aka kashe a garuruwan Arewa a 1966, har da Kano. Laifi tudu ne, in muna so a ji kukanmu dole mu iya tsayawa mu ji na wasu. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne a mai da wurin tunawa da matattu ya zama dandalin kiran a sake wani yaƙin, ko a tilasta wa mai shago rufe shagonsa da bakin bindiga da sunan juyayi.

Kuma ga wani abu da samari da yawa ba su sani ba. Manjo Nzeogwu, wanda ya jagoranci harin da aka kashe Sardauna a gidansa ranar 15 ga Janairun 1966, ya mutu a farkon yaƙin yana ɓangaren Biyafara, kuma a Kaduna aka binne shi, a maƙabartar sojoji, da faretin girmamawa, bisa umarnin Gowon. A Kaduna fa. Ni faretin nan har yau yana min ciwo, ina ganin an wuce gona da iri. Amma shekara sama da 50 kenan, mutanen da suka fi mu son Sardauna, waɗanda suka gan shi da idonsu, ba su je sun tone kabarin ba. Da a ce gunkinsa aka kafa a shatale-talen Kaduna kuwa, kun san ba zai kwana ba, kuma da ni ma ina cikin masu cewa a sauke.

To 'yan Boko Haram fa?

Na san sai an jefo min wannan. Wanda ya mutu a cikinsu a binne shi kamar yadda ake binne ɗan Adam, uwarsa ta yi kukanta a ɗakinta, cikinsu ma akwai yaran da sato su aka yi aka ɗora musu bindiga. Amma ba allo, ba gini, ba rana. Har yanzu kisa suke, marayun harin Kano na 20 ga Janairun 2012 da na babban masallacin Juma'a na Nuwamban 2014 suna nan da ransu. Sunayen da ya kamata a rubuta su ne na waɗanda aka kashe a sahu, kuma ni ban ga mun damu da yin hakan ba.

Ai Musulunci ya hana gumaka da gini a kan kabari

Haka ne, kuma ni ban ce a sassaƙa mutum-mutumin kowa ba, ko na Mai Shahada ne. Manzon Allah (SAW) ya aiki Sayyidina Ali kada ya bar wani gunki sai ya shafe shi, ko kabari mai tudu sai ya daidaita shi. Amma shi ne kuma ya sa dutse a kan kabarin Usman ɗan Maz'un don ya riƙa gane wurin. Rubutu a jikin kabari malamai sun yi magana a kai, to a bar jikin kabarin, a kafa allon ƙarfe a gefe ko a bangon wani ɗaki, da Hausar boko da ajami da Turanci. Sunaye, shekara, da abin da ya faru. Ba wanda zai je ya roƙi allo biyan buƙata.

Ana fama da yunwa kana maganar dutse

Gaskiya ne, taki ya yi tsada, ambaliya ta ci gonaki, kacala ta toshe kogi. Ni ma ba cewa nake a ware miliyoyi a ba ɗan kwangila ba. Kullum 15 ga Janairu ana taruwa a ajiye furanni a saki tantabaru don 'yan mazan jiya, su kuma tsofaffin sojojin muna ganinsu a labarai sun shimfiɗa tabarma a ƙofar ma'aikata a Abuja suna neman haƙƙinsu. In zaɓi aka ba ni tsakanin sabon gini da biyan matar sojan da aka kashe a Sambisa, a biya ta.

Amma aikin da nake nufi ba na kuɗi ba ne sosai, na tafiya ne da tambaya. A 2021 hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi na ƙasashe renon Ingila ta fitar da rahoto da kanta cewa aƙalla mutum 116,000, galibi 'yan gabashin Afirka da Masar, da suka mutu a yaƙin duniya na farko ba a rubuta sunayensu ba kamar yadda aka yi wa Turawa, har ministan tsaron Ingila ya nemi afuwa a majalisa. Su kenan sun amsa nasu laifin. Mu fa? Muna wuce barikin Dalet a Kaduna da na Chindit a Zariya, mutum nawa ne suka san sunayen nan daga yaƙin Burma suka samo asali? Ban da Sarki Muhammadu da 'yan manyan da ke kusa da shi, talakawa nawa za mu iya kira da suna cikin waɗanda suka faɗi a Haɗeja a 1906, ko a Bebeji da Kwatarkwashi a 1903?

Ga jami'a nan a Kafin Hausa, ga ta Dutse, ga Bayero. A tura ɗalibai ƙauye-ƙauye da waya su naɗi muryar tsofaffin da suka ji daga bakin iyayensu, wane gida ne ya rasa wa, a wane yaƙi, a wane ɓangare, har da waɗanda kakansu sojan Bature ne, kada a sa su jin kunyar faɗa. Masarauta ta sa baki don dagatai da masu unguwanni su buɗe ƙofa. Na Burma ma da sauƙi, sunayen waɗanda ba a ga gawarsu ba suna rubuce a bangon tunawa da ke maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun, ana iya binciko su a intanet, kuma da yake sojan wancan zamani da sunan garinsu ake rubuta da yawansu, wane Kano, wane Katagum, wane Haɗeja, malamin tarihi ɗaya mai himma zai iya tsamo na yankin nan ya buga a takarda ya kai wa hakimai, a karanta a ji ko akwai gidan da zai ce wannan namu ne.